Naɗin Iya Fusaina

A Aboabo, bayan masallacin da har yau ba a gama rufinsa ba,
Iya Fusaina na zaune kan kujerar da ta girme ni,
tana naɗe wa masu aikin wuyan riga zare.
Shekara arba'in da 'yan kai.
Ban taɓa ganin ta dubi hannunta ba.

Ni kuwa na sauko daga tirotiro
da karatun safe yana min ƙaiƙayi a ka.
Dakta Serwa ta ce kowace ƙwayar jikina
na riƙe da zare mai tsawon mita biyu,
DNA, inda aka rubuta gajartata
da wushiryar da na gada wurin wannan tsohuwa.
Mita biyu,
a ɗakin da tsinin allura ya fi shi fili!
Na ce, yaya bai cukurkuɗe ba?
Ko a Kejetiya, yadi shida sai an ninke
kafin ya shiga leda.

Ta ce akwai masu naɗi.
Histon sunansu, furotin ne ƙanana.
Takwas-takwas suke haɗa kai su dunƙule,
zare ya zagaye su sau biyu saura kaɗan,
ya ɗan miƙe ya huta,
ya sake samun wasu takwas.
In aka warware, sai ka ce carbi.
Akwai na tara, mai tsaron ƙofa,
shi ke danne bakin naɗin
kamar yadda Iya ke soke ƙarshen zare da farce.
Na ce, me ya hana su rabuwa?
Ta yi dariya: zaren tsami gare shi,
su kuwa kanwa ce.
Kanwa ta kar tsami, ni ma ƙwannafina ya kwanta.

Carbi ya murɗe ya zama igiya,
igiya ta lanƙwashe, ta sake lanƙwashewa.
Wannan tulin shi ne kromatin.
Amma ga abin da ya biyo ni har gida:
inda naɗi ya yi sako-sako, nan ake karantawa.
Inda ya tsuke, shiru.
Rubutun na nan, ba harafin da ya goge,
ba a dai buɗe shafin ba.
Ƙwayar ido da ta hanta littafinsu ɗaya,
naɗi ya sa kowa ya san fagensa.

Hadari ya taso daga wajen Asawase.
Na kwashe shanya, na zo na zauna gabanta.
Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe,
ta ce, "Ramatu, kin dawo?"
Ramatu uwata ce.
Damina tara ke nan da muka kai ta Tafo.

Na amsa.
Tun bara nake amsawa.

Na san in na rubuta wannan a jarrabawa
jan biro zai ratsa shi,
don mantuwar tsufa ba haka kawai take ba.
Amma a tsakar gidan nan, ruwa na dukan kwano,
na ƙyale kaina na yarda
sunana bai tsinke a cikinta ba.
Yana can ƙurya,
an naɗe shi tamau a kan wasu takwas,
na tara ya danne ƙofa.

Kore ya ƙare, ta ɗauko ruwan goro.
Yatsunta sun san hanyar da bakinta ya manta.
Ta laluba ta sami bakin zaren,
ta tsotse shi, ta miƙo min.
"Riƙe," ta ce,
"kada ki ja, kada ki saki."

Na riƙe.
Tana naɗi, ina ji yana wucewa ta tsakanin yatsuna,
mita biyu, wasu mita biyun,
har aka kira magariba.